Ranar da Sigina Ya Jera Wayoyin Gini Launi-Launi

Ku gyara zama, wannan labari ba a jin sa a tsaye.

A wata unguwa an yi wani saurayi da kowa ke kira Sigina. Ba shi ne sunan da aka raɗa masa ba, amma har mahaifiyarsa, in ta zuba abinci, Sigina take ƙwala wa kira. Dalili kuwa, duk inda ya shiga ba ya gaisuwa irin ta mutane. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya ware hannuwa, ya ce, "Kowa ya kwantar da hankalinsa, sigina ta dawo."

Ya shiga kwalejin koyon sana'a ta unguwarsu, irin wadda ke karɓar kowa, da matashi da mai furfura, ya zaɓi sashen da ake koyon haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. Zangon farko ma bai ƙare ba, amma tuni ya sayi jakar kayan aiki mai aljihu-aljihu, ya rataya wata guntuwar waya a wuya kamar yadda likita ke rataya abin awon ƙirji. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ka ji yadda saƙo ke ratsa ƙarƙashin teku kafin ka ji lokaci.

Malamarsu wata gajeriyar mace ce mai sanyin murya. Kullum in ta shiga aji, kafin komai sai ta ce, "Kafin ka taɓa waya, ɗauki hotonta yadda ka same ta. Kafin ka zare ta, liƙa mata alama baki biyu, inda ta fito da inda ta shiga."

Sigina ya ɗaga hannu wata rana ya ce, "Malama, wannan ai na masu ƙaramin kai ne. Ni kaina shi ne alamar."

Malama ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "To, Allah ya bar mana kan."

Sigina yana da kawu, wan mahaifiyarsa, wanda ke kula da wani bene mai hawa uku a bakin titi. A ƙasa akwai mai aski, a tsakiya likitar haƙori, can sama kuma wani lauya, ban da ƙananan ofisoshi da ke tsakaninsu. Kawu ne mai shara, shi ne mai canja ƙwan fitila, shi ne mai sauraron ƙorafin kowa. Ɗan ɗakin da yake kwana a bayan matakala ma na aikin ne: ranar da makullai suka bar hannunsa, ranar ɗakin zai bar shi.

Mai ginin wata dattijuwa ce da ke shafa yatsa a saman ƙofa tana neman ƙura. Ta riga ta gaya masa cewa wani kamfani na neman ta ba shi kula da ginin. "Ƙorafi ɗaya in na sake ji," in ji ta, "ka ajiye mini makullaina." Ta kuma nuna masa wani ɗaki a ƙarƙashin matakala, inda duk wayoyin ginin suka haɗu, na tarho, na intanet, na kyamara, har da na ƙofar shiga mai buɗewa da lantarki. Ta ce wannan ɗaki shara kawai ke kai shi, kuma ko inuwar wani kada ta shiga.

To, ranar da abin zai faru, Mai Gini za ta zo duba gini da yamma. Kawu ya buɗe ɗakin wayoyi yana share yanar gizo, sai ga Sigina, an aiko shi da abincin rana.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa, sigi..." Idonsa ya sauka a bango. Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya dafe ƙirji.

A jikin bango akwai wani dogon akwatin ƙarfe mai ramuka jere-jere da 'yan fitilu masu ƙyaftawa. Wayoyi kuwa sun zubo daga cikinsa, shuɗi, rawaya, ja, fari, sun cukurkuɗe kamar gashin da bai taɓa ganin mataji ba.

"Kawu, wa ya yi maka wannan zalunci?"

"Haka na tarar da shi. Matsa baya, inuwarka ta shiga."

"Kuma a haka matar nan za ta zo ta gani? Ai ko ni ne mai ginin, korar ka zan yi."

"Shekara da shekaru tana ganin sa a haka."

"Shi ya sa take neman kamfani. Kawu, ka san abin da kamfani ke yi? Jera waya kawai. In ta buɗe ƙofar nan yau ta ga shuɗi ya bi shuɗi, rawaya ya bi rawaya, sumul kamar kitson amarya, wallahi ɗaki mai taga za ta ba ka."

Kawu ya jingina tsintsiyarsa da bango. Ɗakinsa ba shi da taga, kuma abin ya daɗe yana ci masa rai.

"Ka iya dai, ɗan nan?"

"Kawu, a ajinmu in Malama ta rikice ni take kallo."

Wannan gaskiya ne, tana kallon sa ɗin, amma ba don abin da yake zato ba.

Kawu ya ce to, amma kafin ya gama cin abinci a gama. Ya ɗauki kwanonsa ya zauna a matakala. Sigina ya tuna dokar Malama ta hoto, ya fito da salularsa, ya gyara wuyan riga, ya ɗauka. Dokar alama kuwa ya ce ta jira masu ƙaramin kai, ya gaya wa Kawu kan da ke wuyansa shi ne alamar. Ya naɗe hannun riga, ya shiga zare wayoyi, ƙas, ƙas, ƙas, kamar mai fige kaza, har akwatin ya koma tsirara, fitilunsa duk suka mutu.

Daga nan ya fara jeri. Shuɗi ya tara su a sahun sama, don ya ce sama ai shuɗiya ce. Rawaya a tsakiya, ja a ƙasa. Wadda ta yi tsawo ya naɗe ta ya ɗaure, wadda ta ƙi lanƙwasuwa ya sa almakashi ya koya mata hankali. Aka bar wata guda ɗaya gajeriya da bai san inda za ta ba, ga kuma ramuka biyu a akwatin babu kowa, sai ya cusa bakinta ɗaya a nan, ɗayan a maƙwabcinsa. Nan take fitilun akwatin suka kama ƙyaftawa gaba ɗaya, da sauri, kamar masu zazzaɓi.

"Ka ga lafiya," in ji Sigina. "Da rabinsu barci suke yi."

Gaskiya a faɗa, abin ya yi kyau. Ko Kawu da ya leƙo da loma a baki sai da ya gyaɗa kai. Sigina ya sake ɗaukar hoto, ya tura wa zauren ajinsu na salula, har da Malama a ciki, ya haɗa da cewa duk mai son ganin aikin ƙwararru ya zo da yamma, ƙofa a buɗe take.

Kawu ya hango wani tulin wayoyi suna leƙowa daga jakar Sigina.

"Waɗancan fa?"

"Ƙari ne. Masu aikin da sun cika ɓarna."

Bai rufe baki ba sai ga mai aski ya fito daga shagonsa, fuska cike da fara'a, almakashi a hannu.

"Mai kula da gini, me kuka yi wa tarhona? Tun da na kama shagon nan bai taɓa kuka ba, yau ko hutawa ba ya yi."

Sigina ya kalli Kawu ya ɗaga gira. "Ka fara gani."

"Sai dai," in ji mai aski, "duk wanda ya kira, haƙori ke masa ciwo. Na ce su zo dai. In haƙorin bai fita ba, ko aski sa samu. Akwai wata da ta ce kumatunta ya kumbura, na ce ta sa tsumma mai ɗumi, ta yi mini godiya har da addu'a."

Ana cikin haka sai ga likitar haƙori tana saukowa, safar roba a hannu, takunkumi a haɓa.

"Kwamfutata ta daina nuna hoton haƙori. Na bar mutum a kujera baki buɗe, ban san wanne zan cire ba. Tarhona kuma ya mutu."

"Bai mutu ba, likita," in ji mai aski, "yana wurina. Gobe da safe kina da mutane a layi, na ba su lokaci."

"Kai ka ba marasa lafiyata lokaci?"

"To in bar su suna kuka?"

Likita ta juya ga Kawu. Kawu ya juya ga Sigina. Sigina ya gyara wayar da ke wuyansa.

"Ranki ya daɗe, tsarin ne ke sabawa da sabon muhalli. Ko ke in aka sauya miki gida, ai ba ranar za ki san inda cokali yake ba."

"Wannan wane ne?"

"Ɗan ƙanwata ne," in ji Kawu a hankali, kamar mai amsa laifi.

Sai aka ji dariya ta ɓarke daga hawa na tsakiya, irin dariyar masu kumburin kumatu, rabi dariya rabi nishi. Duk suka hau. A ɗakin jiran likita akwai talabijin a bango da ke nuna yadda ake goge baki. Yanzu ba shi yake nunawa ba. Ofishin lauya yake nunawa, ta kyamarar da lauyan ya sa don kama ɓarayi. Ga lauya nan zaune da singileti, ƙafa a kan tebur, madubi a hannun hagu, tsohon buroshin haƙori a dama, yana shafa wa gashin bakinsa baƙin rini, a tsanake, gashi ɗaya bayan ɗaya.

Cikin masu jira akwai wani tsoho da lauyan ya daɗe yana ja wa rai a kan wata shari'a. Tsohon ya fito da salularsa ya kira shi. Kowa na kallo lauya ya ajiye madubi, ya duba lambar, ya yamutsa fuska, ya ɗauka.

Tsohon ya saurara, sannan ya rufe bakin salular da hannu ya gaya wa jama'a, "Wai yana gaban alƙali."

Wani mai auduga a baki ya yi dariya har audugar ta faɗo.

Tsohon ya koma kan salula ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, lauya. Amma ka gaya wa alƙali gefen hagu bai kama rini ba."

A talabijin aka ga lauya ya daskare. Ya ɗaga kai a hankali ya kalli kyamara. Sannan aka ga kujera ta kife, aka daina ganin kowa, aka fara jin takun matakala.

Ya iso da gashin baki rabi baƙi rabi fari, kwat a kan singileti.

"Wane ne ke da alhakin wannan? Ina son sunansa, da na ubansa."

Kawu ya nemi Sigina ya rasa. Ya same shi a ɗakin wayoyi, yana zufa.

"Mayar da komai yadda yake," in ji Kawu. "Yanzu."

"Abu mai sauƙi. Ai na ɗauki hoto."

Ya buɗe salula ya miƙa wa Kawu da alfahari. Kawu ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kawowa kusa. A hoton akwai fuskar Sigina, tana murmushi, ta cika ko'ina, da yatsu biyu a ɗage. Ta bayan kunnensa na dama ana iya hango wutsiyar wata waya rawaya.

"Ina akwatin?"

"Yana bayana."

"Na ga alama. Ka ce kanka shi ne me?"

Sigina ya rufe ido don ya tuno yadda wayoyin suke. Abin da ya gani kawai cukurkuɗaɗɗen gashi ne. Ya buɗe ido ya ce ya tuna sarai, ya shiga sauya wayoyi yadda hannunsa ya kai.

Ya zare wata shuɗiya ya mayar ƙasa, sai mai aski ya ƙwala daga shago cewa yanzu masu neman saki da masu rigimar fili ke kiran sa, kuma shi a wannan fanni ma yana da shawara. Ya sauya wata ja, sai talabijin ɗin likita ya bar ofishin lauya ya koma nuna bayan gini, inda mataimakin likitar, wanda ya ce ya tafi sayo magani, ke zaune a kan bokiti yana shan sigari. Ya sauya wata rawaya, sai na'urar buga takarda a wani ofishi ta kama aman farar takarda ba tsayawa. Ya sauya wata fara, sai aka ji ƙofar shiga ta yi wani ƙaras.

Wata mata da ta gama da likita ta tura ƙofar, ta ƙi. Ta ja, ta ƙi. Na ciki suka kasa fita, na waje suka kasa shiga. Waɗanda mai aski ya gayyato da ciwon haƙori suka fara taruwa a bakin titi, kowa dafe da kumatu.

"Buɗe ƙofar," in ji Kawu.

"Tsaro ne, Kawu. A manyan ƙasashe ma haka ake yi."

"A manyan ƙasashe kulle mutane ake yi da lauya mai rabin gashin baki?"

A jikin bangon ɗakin akwai wani tsohon tarho na ma'aikata. Sigina ya ɗauka ya hura a ciki, ya ce, "Gwaji, gwaji," bai ji komai ba, ya sake shi yana reto a igiyarsa. Abin da bai sani ba shi ne, cikin sauye-sauyensa ya haɗa wannan tarho da lasifikar da ke bakin ƙofar shiga, wadda baƙo ke dannawa ya yi magana da na ciki. Duk abin da aka faɗa a ɗakin wayoyi yanzu a titi yake fita, tangaram.

A titin kuwa jama'a sun ƙaru. Ga masu ciwon haƙori, ga masu wucewa da suka tsaya kallo, ga Malama da 'yan ajinta sun amsa gayyata. Gaban kowa kuma, da jaka a hannu da yatsa a shirye don neman ƙura, ga Mai Gini.

Lasifika ta yi ƙara, sai muryar Kawu ta fito.

"Ka kashe ni, ɗan nan. Matar nan tana hanya. Matar da ko ƙuda ya sauka a gilashi sai ta tambaye ni wa ya ba shi izini."

Mai Gini ta sauya wa jakarta hannu.

"Haba Kawu," in ji muryar Sigina, "tsohuwa ce fa. Me ta sani? In ka nuna mata rimot da burodi sai ta yi tunani kafin ta zaɓa. Ce mata za mu yi ɓera ne."

"Ɓera ne ya jera su launi-launi?"

"To 'yan kutse daga ƙasar waje."

"Su suka shigo da almakashi?"

"To mu ɗora wa Malamarmu. Mu ce tsarin da ta koya mana ne ya tsufa. Dama ni na fi ta sanin aikin nan, kunya ce kawai ke hana ni gyara mata a gaban yara."

A waje 'yan aji suka juya gaba ɗaya suka kalli Malama. Malama ta cire tabarau ta goge shi da gefen gyalenta, ta mayar.

"Kai dai," in ji muryar Kawu, "tun kana cikin zani na gaya wa uwarka kan nan naka girma kawai gare shi. Da na sani da na bar ta ta kore ni da kanta, wannan mai yatsan ƙurar."

Mai Gini ta matsa ta danna maɓallin lasifika. A cikin ɗakin wayoyi, tarhon da ke reto ya yi magana da wata 'yar siririyar murya.

"Mai yatsan ƙura ce. Ina bakin ƙofa."

Kawu ya kalli tarho. Sigina ya kalli tarho. Kawu ya cire hularsa, ya ɗan rusuna wa tarhon.

"Ranki ya daɗe, sannu da zuwa. Tun yaushe?"

"Tun daga ƙuda."

Sai wata muryar ta karɓa, mai sanyi. "Sigina, Malamarka ce, wadda ka fi. In kunya za ta bar ka, dubi ƙasa ta hannun dama, akwai ƙaramin akwati baƙi. Zare filoginsa daga bango. Shi kaɗai. Kada ka jera shi."

Sigina ya zare. Ƙofa ta yi ƙaras ta buɗe, jama'a suka kwararo, na ciki na neman fita, na waje na neman shiga, mai aski a tsakiya yana raba layi, masu haƙori dama, masu shari'a hagu.

Malama ta tsaya a gaban akwatin ƙarfe, 'yan aji sun yi mata da'ira. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsu biyu ta zare gajeriyar wayar nan da bakinta biyu ke cikin akwati ɗaya, fitilun suka daina rawar zazzaɓi.

"Ku matso ku gani," ta ce da ɗalibanta. "Wannan abu na sha zana muku shi a allo, ban taɓa zaton zan same shi da rai ba. Saƙo ya fita ta nan, ya dawo ta nan, ya sake fita, yana ta zagaye kansa har ya toshe wa kowa hanya."

Wata ɗaliba ta ce, "Kamar maganar Sigina ke nan, Malama."

"Ban ce ba. Amma rubuta."

Sigina ya yi gyaran murya. "Dama da gangan na yi, don aji ya amfana."

"Mun gode. Ina alamomin?"

Sigina ya kai hannu zai nuna kansa, ya fasa a hanya, ya sosa ƙeya.

Mai Gini ba ta ɗaga murya ba. Ta saurari likita, ta saurari lauya, wanda ke magana da hannu rufe da baki, ta saurari mai aski, wanda shi roƙonsa a bar masa layin yadda yake. Sannan ta miƙa wa Kawu tafin hannunta. Kawu ya kwance makullai daga ƙugunsa ya ɗora mata. Har lauya sai da ya kawar da kai.

Ta juya ga Malama. "Wannan ɓarna tana gyaruwa?"

"Tarho da ƙofa da kwamfutar likita, ni da yara za mu tayar da su yau. Amma a bi kowace waya a ginin nan, daga ɗakin da ta fito har raminta, a liƙa mata alama baki biyu, wannan sai an yi rarrafe a ƙarƙashin kowane tebur. Zai ɗauki lokaci."

"Wanda ya zare shi zai yi rarrafen," in ji Mai Gini. "Shi kaɗai. Ranar da kika ce mini ya gama, ranar kawunsa zai karɓi makullansa. In bai gama ba, kamfani na jira."

"Ranki ya daɗe," in ji Kawu, "makullin ɗakina ma yana cikinsu."

"Na sani. Ni ce fa wadda ba ta bambance rimot da burodi."

Da yammar nan aka ga Sigina a titi ɗauke da akwatin kayan Kawu a ka, Kawu na biye da shi da hannuwa a baya. Duk wanda ya tambaya, sai Sigina ya ce an ba shi kwangilar gini guda, shi ya sa ya ɗauko mai ba shi shawara.

Mahaifiyarsa ta ji labari tun kafin su iso. Ta tare su a ƙofa.

"Yaya, sannu. Shiga ɗakin yaron nan, na canja zanin gado."

"Umma, ni fa?"

"Ga kujera a falo."

"Ƙafata ba ta shiga."

"Naɗe ta ka ɗaure, ai ka iya."

Haka aka shiga sabuwar rayuwa. Kullum in an tashi daga kwaleji, Sigina ya wuce ginin da wata 'yar na'ura da Malama ta ara masa, wadda ke yin fito in ta gano waya. Ya yi rarrafe a ƙarƙashin kujerar likita tana aiki a samansa. Ya yi rarrafe cikin gashin da mai aski ya zubar, mai aski na ba shi labarin zamanin da tarhonsa ke da farin jini. Ya yi rarrafe a ofishin lauya, wanda ya aske gashin bakin gaba ɗaya, yake kuma taka masa yatsa bisa kuskure duk lokacin da ya wuce. Ya daina ware hannuwa a bakin ƙofa. Ya fara karanta littafin aji, don ya gano duk wayar da ya gane, bayansa ya matsa kusa da katifarsa.

Kawu kuwa, a makon farko ko abinci ba ya iya ci, yana zaune yana taɓa ƙugunsa inda makullai suke. A mako na biyu ya lura ɗakin Sigina yana da taga. A na uku ya lura babu mai buga masa ƙofa don famfo ya toshe, ga abinci na zuwa da zafinsa, ga katifa mai laushi. Kumatunsa ya fara cikowa. Ya sa aka matsar masa da gadon kusa da tagar.

Wata yamma Sigina ya dawo, gwiwoyin wandonsa sun cinye, gashin mutane a rigarsa. Ya leƙa ɗakinsa na da.

"Kawu, albishirinka. Saura hawa ɗaya. Malama ta ce in na dage, ƙarshen wata ka karɓi makullanka."

Kawu na kwance, matashi biyu a ƙarƙashin kansa, iska na kaɗa labule.

"Gaggawar me kake yi, ɗan nan? Aikin ƙwararru a hankali ake yin sa."

"Kawu, bayana ya ƙage."

"Zai saba da sabon muhalli." Kawu ya juya ya gyara matashi. Can ya ce, kamar mai tambayar farashin albasa, "Wai ni kam, tunda yanzu ka san aikin. A cikin wayoyin nan duka, wacce ce in mutum ya zare ta bisa kuskure, sai an koma tun daga farko?"

Sigina ya san amsar. Ya san launinta, ya san raminta, shi da hannunsa ya liƙa mata alama. Tun da aka haife shi wannan ne karo na farko da aka yi masa tambayar da ya san amsarta tabbas.

Ya buɗe baki, ya kalli katifarsa, ya rufe.

"Ba a koya mana ba tukuna, Kawu," ya ce.

Nan na sauke labarin. Wanda ya ɗauka, ya riƙe shi yadda ya same shi, kada ya ce zai jera.